Rabin Amsar da Na Kai wa Bawa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Lubabatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga ɗiyar da yake alfahari da ita. Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya a masaukinki na Kalgo, Ya tsare miki hanya ranar Asabar tun daga tashar Gwandu har ƙofar ɗakin da aka ba ki, Ya haɗa ki da direba mai hankali da maƙwabta masu tsoron Allah. Innarki ta ce in sa gaisuwarta a ciki, ko da yake tana zaton jerin kayan da za ki tafi da su nake rubutawa.

Na san za ki yi dariya idan kika tsinci takarda a ƙasan akwati, alhali taku goma ne tsakanin ɗakina da naki. To kin san halin ubanki. Da na zaunar da ke in yi miki nasiha, tsohon malamin firamaren nan zai taso, in yi ta ɗaga yatsa har ki fara gyangyaɗi. Ban da haka akwai maganar da ba zan iya faɗa ina kallon idonki ba. Sau biyu kina tambayata me ya sa Baba Bawa na Kambaza ya daina zuwa gidanmu ranar Juma'a, sau biyu ina ce miki aiki ne ya sha kansa. Ba aiki ba ne. Ni na jawo, kuma yau noman albasa na uku ke nan rabon da ya taka zaurenmu. Mutumin da aka yi mana kaciya rana ɗaya, wanda ya riƙe ragon sunanki aka yanka, ina tsoron ɗayanmu ya mutu muna a haka.

Abin da ya shiga tsakaninmu kuwa shi ne ainihin aikin da za ki fara. Ke yanzu malamar gona ce. Manoma za su tare ki da tambayoyi, ke kuma ga waya a hannu, da injin binciken nan da ke amsa kusan komai. Shi ya sa na ga gara in baje miki kurakuraina, ki ga wuraren da na zame.

Bari in faro daga nesa, domin laifin nawa tsoho ne, ya girmi waya. Shekarar da aka fara ba ni aji a wata firamare wajen Ceberu, ina saurayi, ina ji da farin kaftani da alli a aljihu, wata yarinya mai suna Kulu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ruwan gulbi da ka wucewa kullum, ina shi ka zuwa? Kuma mi yas sa ba shi ƙarewa?" Na san ana cewa teku yake zuwa, amma ta wace hanya, da dalilin da ya hana shi ƙarewa, wallahi ban sani ba. Maimakon in faɗi haka, sai na daka mata tsawa, na ce ba darasinmu na yau ba ke nan, ta zauna. Ta zauna kuwa. Har ta bar makarantar ban ƙara ganin hannunta a sama ba.

Shekara talatin da ɗoriya bayan haka, kika dawo hutu da wayar shafa, kika ce in tambayi injin bincike duk abin da nake so. Kin tuna amsar da na ba ki? Na ce abin wasan yara ne, wanda ya karanta littafi ba ya buƙatarsa. Kina shiga madafa na ɗauki wayar a sace, na rubuta tambayar Kulu da Turancina na malaman dā. Luba, kafin in gyara zaman tabarau a hanci ga taswira ta buɗe. Na sa yatsa ina bin ruwan. Gulbinmu ya haɗu da wani, suka gangara suka faɗa Kwara, ta ratsa ƙasar Nufawa, ta karɓi Binuwai, can kudu ta rarrabu kamar yatsun hannu ta shige teku. Sannan aka bayyana mini yadda zafin rana ke ɗaga ruwan teku ya zama girgije, iska ta koro shi arewa ya zubo mana da damina. Ashe ruwan da ya wuce mu shi ne ke dawo mana. Na ajiye wayar a cinya na yi ta tasbihi.

Da kika fito kika kama ni, ba ki yi mini gori ba, Allah Ya yi miki albarka. Sai kika ja taswirar da yatsu biyu har Gwandu ta fito, kika ƙara ja, sai ga rufin gidanmu da bishiyar dogon yaro ta ƙofar gida, kamar yadda shaho ke ganinsu. Ni da na yi shekaru ina zana ƙasar nan a allo da alli, yara na kwafe karkatattun layukana, yau ga ta gaba ɗaya a tafin hannuna. Ranar ban iya cin abincin kirki ba don mamaki. Har yanzu in na tuna cewa wasu bayin Allah ne suka zauna suka haɗa wannan da hankalin da Ya ba su, sai in ji girman Mai bayar da hankalin ya cika mini ƙirji.

Nasihata ta farko ke nan. Duk manomin da ya yi miki tambaya, ko da kin ga ta wauta ce, kada ki yi masa irin fuskar da na yi wa Kulu. Yanzu ba ki da uzurin da nake da shi, domin amsa na aljihunki. Na haɗu da Kulu bara a wani suna, ta zama kaka, na ja ta gefe na ba ta amsar tambayarta tiryan-tiryan. Ta saurara har na gama, ta ce, "Malam, na gode, amma jikata ta riga ta nuna min a waya tun bara waccan."

Daga raini sai na tsallaka zuwa ɗaya gefen, na koma gaskata duk abin da ya fito. A lokacin injin bai iya magana ba. In ka tambaya sai ya jero maka kanun bayanai, kai ka zaɓa, kamar mai talla ta baza kaya a tabarma. Ni kuwa malamin aji ne, a wurina wanda ya zo na ɗaya shi ya fi kowa. Saboda haka na sama nake dannawa kullum, ko kallon na ƙasa ba na yi. Da gwiwata ta matsa mini, na nemi magani, na sama ya nuna mini wani man shafawa da aka ce yana tayar da gurgu. Na sa aka kawo mini shi daga nesa. Warin kananzir yake yi, gwiwar ta yi jawur, Innarki ta hana ni zama kusa da ita kwana uku. Ke ce kika nuna mini 'yar ƙaramar kalmar da ke gefe, wadda ke nuna cewa talla ce, mai kayan ne ya biya aka ɗora shi a sama. Wato ɗalibin nan ba jarrabawa ya ci ba, kujerar gaba ya saya.

Haka kuma na taɓa tambayar lokacin zuba irin albasa, aka ba ni watannin da mu nan albasa ta riga ta shiga rumbu. Sai da na duba da kyau na ga mai bayanin yana zaune ne a ƙasar da ƙanƙara ke rufe gona rabin shekara. Shi bai yi ƙarya ba, gonarsa yake faɗa. Don haka ki riƙa duba wane ne mai maganar, daga ina yake yin ta, kuma me zai samu in kin yarda. In za ki tambaya, ki faɗa wa injin inda kike: Kalgo, ƙasar fadama ko ta tudu, rani ko damina.

Sai kuma aka wayi gari abin ya koyi ji. Ba sai ka rubuta ba, ka danna ka yi magana kawai. Ba a jima ba ya koyi Hausa. Wannan kam ya girgiza ni fiye da taswira, saboda Innarki. Matar da ba ta taɓa zama ajin boko ba, wadda shekara da shekaru sai ta jira ni in dawo in karanta mata takardar magani, na shigo gida wata rana na same ta zaune a kan turmi tana tambayar waya ko za a yi ruwa kafin ta shanya shinkafar da ta turara. Wayar ta amsa mata da Hausa. Ta tashi ta yi shanyarta, ko kallona ba ta yi ba. Na ji daɗi ƙwarai, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ɗan ji kishi.

Ita ce ma ta fi ni gane abin. Ranar nan don tsokana ta tambaye shi yadda ake yin hoce, abincin nan namu na garin dawa da ake gasawa. Ya zayyano mata bayani, tana ji tana taɓe baki. Da ya gama ta ce, "Wagga aba ba ta taɓa cin hoce ba, labari dai taj ji." Ta ci gaba da tambayarsa abin da ya sani, ta ci gaba da yin hocenta yadda uwarta ta koya mata. Ni mai takardar shaidar malanta sai da na yi shekaru kafin in kai inda ta kai a zama ɗaya.

Kin tuna rigimata da Baffanki Sani a kan ƙona karan gona bayan girbi? Ni ina cewa a ƙona, shi yana cewa a bari ya ruɓe. Na shiga ɗaki na ce wa waya, faɗa mini amfanin ƙona kara a gona. Ta jero mini: yana kashe ƙwari, toka na taimakon ƙasa. Na fito ina taƙama. Ashe shi ma ya ce wa tasa ta faɗa masa illolin ƙona kara, ta jero masa nasa. Muka tsaya a tsakar gida, dattawa biyu masu furfura, kowa na cusa wa ɗan'uwansa waya a hanci. Innarki ta leƙo ta ce mu ajiye wayoyin su ƙarasa faɗan, mu mu zo mu ci tuwo. Ke kika karɓi tawa kika tambaya ba tare da kin ja ta ko'ina ba, kika ce ga irin ƙasarmu mai yashi wanne ya fi. Ta kawo hujjar kowane ɓangare, sannan ta karkata wajen Sani. Har yau ban faɗa masa na yarda ba, kada ki faɗa masa ke ma. Abin lura dai shi ne, in kika je da amsarki a ciki kina neman mai goya miki baya, za ki samu. Ki tambaya kamar wadda ke son ta sani.

To yanzu ga maganar Bawa.

A 'yan shekarun nan injin ya sake rikiɗa. Ya daina baza maka kaya a tabarma. Shi zai karance bayanan duka cikin ƙiftawar ido, ya tace, ya ba ka amsa ɗaya kamar mutum na zaune gabanka, har ya juyo ya tambaye ka abin da bai gane ba. In ka nuna masa hoton ganye sai ya faɗi sunan tsiron. Na sha zama ina jujjuya wayar a hannu, ina duba bayanta, kamar zan ga inda malamin yake ɓoye.

A daidai lokacin na yi ritaya, mutane suka fara zuwa zaurena da tambayoyi. Wannan ya zo da takardar asibiti, wancan da rubutun jikin buhun taki, wani akuyarsa ta ƙi cin abinci. Kin san al'adarmu, malami in an tambaye shi ba ya amsawa nan take, sai ya ce bari ya duba littafi. Sai na ari wannan rigar. In ce, "Bari in duba littattafaina, ka dawo bayan la'asar." In shiga ɗaki in turo ƙofa in tambayi waya, in fito da tabarau a hanci ina kaɗe hannu kamar wanda ya sha fama da tsofaffin takardu. Suna ya tafi. Har a kasuwa ina jin ana cewa kan Malam Ummaru rumbu ne. Ban taɓa cewa daga kaina ne ba, amma ban taɓa cewa ba daga kaina ba ne, kuma daɗin abin nake ji har cikin ƙashi.

Wata Juma'a cikin rani Bawa ya zo kamar yadda ya saba, muka dawo daga masallaci aka kawo tuwo, na ga yana juya loma ba ya kaiwa baki. Na tambaye shi lafiya. Ya ce, "Ummaru, albasata na ciwo. Lawashin ya yi hwari-hwari, bakinshi na bushewa. Taho mu tai ka gani da idonka." Kin san albasar nan ita ce abincin gidansa na shekara. Na ce rana ta yi zafi, ina da taro da yamma. Ƙarya nake yi. Gaskiyar ita ce, in na bi shi fadama babu ɗakin da zan shiga in turo ƙofa. Sai dai in fito da waya a gabansa, ko in tsaya ina kallon ganye kamar kowa. Na ce ya jira ni in duba littafi.

Ki karanta wannan da kyau, Luba, domin injin bai cuce ni ba. Na faɗa masa abin da Bawa ya ce. Ya amsa cewa alamun nan na iya zama ɗaya cikin abu biyu. Ko dai wasu ƙananan ƙwari ne da ke ɓuya a matsin ganye wajen wuyan albasa suna tsotse ta, ko kuma cutar ganye ce da ke farawa da fararen ɗigo. Ya ce maganinsu ba ɗaya ba ne. Ya ce a buɗa tsakanin ganyen a duba, in da hali a turo masa hoto, ko a nuna wa malamin gona, domin shi ba zai iya tabbatarwa ba tare da an gani ba. Ya faɗi iyakar saninsa, ya faɗi inda saninsa ya ƙare.

Ni kuwa na zauna ina tunani, in na fita na ce wa Bawa ko wannan ne ko wancan, me ya raba ni da mai sayar da goro? Shekarar da ta gabaci waccan cutar ganye ta taɓa 'yar gonata, sai na zaɓe ta. Na yanke rabin amsar na bar shi a ɗaki, na fita da rabi. Na ce, "Cutar ganye ce, babu shakka." Na rubuta masa irin maganin da zai nema. Ya riƙe takardar, shi da ba ya karatun boko, ya ce, "Ka tabbata, Ummaru?" Na ce, "Littafi ya faɗa."

Ya yi feshi sau biyu, ya jira mako biyu, ƙwarin na ta cin abinsu hankali kwance. Ranar da wani malamin gona ya biyo ta fadamar, babban yatsa kawai ya sa ya buɗa ganyen, ga su nan suna ta yawo. Aikin da bai kai minti ɗaya ba. Amma lokaci ya riga ya wuce. Albasar da Bawa ya haƙa a shekarar ba ta wuce girman goro ba, ba ta cika ko kusurwa ɗaya ta rumbunsa ba. Kafin damina ta faɗi ya sayar da shanun huɗarsa don ya ciyar da gida.

Duk da haka Juma'ar da ta biyo ya zo, ya ci tuwo, ya ce haka Allah Ya ƙaddara, littafi ma mutum ya rubuta shi. Na bar shi a haka, ina ta gyaɗa kai. Wadda ta fasa ƙwan ita ce Innarki, ba da mugun nufi ba. A wani biki tana yabona wajen matar Bawa, ta ce ai Malam ya ƙware da waya, ranar ma ta ji ta bayan ƙofa wayar na ce masa a kawo hoton albasar.

A kasuwar Gwandu muka haɗu. Ya tsaya riƙe da babur ɗinsa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam Ummaru." Tunda muke bai taɓa sa mini Malam ba sai ranar. Ya ce, "Ba hasarar ta dame ni ba, Allah ka badawa, Shi ka karɓewa. Da kac ce min waya tac ce, da na san irin kunnen da ni ka ba ta. Kuma an ce ita kanta ta ce a duba. Kai ɗai na ba ka yi shakka ba." Kin san abin da ubanki ya ce? Na ce ai kuskure kowa na yi. Ya dube ni, ya hau babur ya tafi. Tun daga ranar in mun haɗu a jana'iza ko ɗaurin aure sai ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo.

Ga abin da nake roƙonki, ɗiyata. Ki yi amfani da wannan ni'ima, kada ki ji kunyarta, domin ni'ima ce babba wadda kakanninki ko a mafarki ba su gani ba. Amma in kika ɗauko amsa, ki ɗauko ta duka, har da shakkar da ke cikinta. Ki faɗa wa manomi inda kika samo. Ki fito da wayar a gabansa ya ji da kunnensa, ya yi mata gardama in ya ga dama, domin shi ya san gonarsa. In ya ce ki zo ki gani, ki je, ko rana na tsaga kai. Ki durƙusa ki buɗa ganyen da yatsanki. Mutumin da ya tambaye ki abincin 'ya'yansa ya ɗora a kan maganarki, kuma ba zai iya gane wace kalma ce taki, wace ce kika aro ba, sai in ke kika faɗa masa.

Akwai abin kunyar da zan ƙara. Bara na tambayi injin yadda mutum zai nemi gafarar amininsa da ya cuta. Ya ce in je da kaina, in ambaci laifin da sunansa, kada in haɗa da uzuri. Na kashe wayar na ce wannan bai san al'adunmu ba.

A nan na ajiye alƙalami ranar Talata. Na karanta abin da na rubuta, sai na ga ina ba ki shawarar da ni ban bi ba, ina aika ki gonakin mutane alhali akwai gonar da aka kira ni shekara uku ban je ba. Jiya Laraba da hantsi na tayar da babur na nufi Kambaza. Sau biyu ina tsayawa a hanya kamar in juya.

Na same shi a fadama, tsugune cikin fangalin da yake renon iri. Ya tsufa, Luba, wuyansa ya rame. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na tsuguna gefensa, gwiwar nan tawa na ƙara, na faɗa masa komai: ɗakin, ƙofar da nake turowa, rabin amsar da na bari, da taron ƙarya da na ce ina da shi. Na ce son a ce na sani ne ya sa na ci amanarsa. Ban kawo uzuri ko ɗaya ba. Ya ci gaba da cire ciyawa a fangalin.

Can sai ya tuge wani ɗan iri da bakin ganyensa ya yi rawaya, ya miƙo mini. Ya ce, "To, mi ad da wanga?" Na karɓa, na juya shi, na buɗa tsakanin ganyen, babu ƙwaro, babu ɗigo. Na ce, "Ban sani ba, Bawa." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Shekara sittin muna tare, yau na hwara jin wagga magana bakinka. Hiddo abar taka mu tambaye ta tare."

Na fito da waya a gabansa, na ɗauki hoto. Ta tambaya sau nawa ake ban ruwa, kuma ko ruwan na kwanciya a fangalin. Bawa ya karɓe ta ya kai bakinsa dab da ita, ya amsa da ƙarfi kamar mai magana da kurma. Ta ce mai yiwuwa ruwa ne ya yi yawa saiwar ta fara shaƙewa, amma a duba saiwar kafin a yanke hukunci. Ya kakkaɓe ƙasar, ga saiwa ta fara yin duhu. Ya daɗe yana kallon wayar, ya ce, "Ikon Allah. Ga ta ba ƙahwa ba ido, amma ta san ta ce a duba." Sannan ya miƙo mini ita ya ce, "Ni na san ruwa na tun shekaranjiya. Gwada ku ni kai, ku biyun."

Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban matsa ba. Amma ya taso ya rako ni har inda na ajiye babur. Ya ce, "An ce Luba ta samu aiki Kalgo. Ka ce mata in ta zo hutu ta biyo ta duba min dashe. Da ƙahwarta za ta zo, ba ta waya ba." Na ce zan faɗa miki, ga shi na faɗa, kuma ki ɗauke shi a matsayin aikinki na farko. Da na tayar da babur sai na ji ya ce, "Ummaru, a bi sannu." Ban yi nisa ba na tsaya a gindin wata tsamiya, domin idanuna sun daina ganin hanya.

Yau Alhamis, gobe Juma'a. Na ce wa Innarki ta ƙara awon tuwo, ta dube ni ba ta tambayi dalili ba. Na sa an share zaure, na fito da tabarmar da ya saba zama a kai. Lokacin da za ki karanta wannan takarda a Kalgo, kin riga kin san ko ya zo ko bai zo ba. Ni da nake rubutawa ban sani ba, kuma babu injin da zan tambaya.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da sharrin son a yaba miki. Ya sa albarka a gonakin da za ki taka, Ya sa manoman Kalgo su yi farin ciki da zuwanki. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa, ni ma in kin tuna ki sa ni a addu'a.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
Ummaru, Gwandu